Ko Kun Sani? Dalilin Taka Kuloci Sau Biyu

Kafin kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da giya mai daidaita gudun haƙoranta da kanta a 1928, direba ba ya saukowa daga giya ta uku zuwa ta biyu da taku ɗaya na kuloci. In ya gwada, akwatin giya ya dinga ƙara ke nan kamar ana niƙa tsakuwa.

Dabarar ita ce ya taka kuloci ya sa firi, ya saki, ya ɗan zunguri totur har juyin injin ya kai yadda ƙaramar giya take so, sannan ya sake takawa ya sa ta. Duk a ƙiftawar ido.

A motar tsere kuwa aikin ya fi haka wuya, domin ana rage giya ne daidai lokacin taka birki kafin shan kwana. Abin takawa uku, ƙafa biyu! Sai direba ya danne birki da gaban ƙafar dama, ya karkato diddige ko gefen ƙafar ya taɓa totur, hagu na kan kuloci. In lissafin ya kuskure, tayoyin baya na iya cijewa, mota ta juya da shi. Akwai sanannen bidiyon Ayrton Senna, gwanin tsere ɗan Brazil, yana wannan rawar ƙafa cikin Honda NSX a filin Suzuka na Japan, da takalmin zuwa unguwa da farar safa.

Yanzu a wasu motoci kwamfuta ta karɓi aikin zungurar totur ɗin. Nissan 370Z ta 2009 ce ta fara zuwa da hakan a giyar hannu.