Kujerar Naƙi Da Zaɓen Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya

A ƙarshen shekarar 1981, sau 16 Kwamitin Sulhu yana kaɗa ƙuri'a ba a samu Babban Sakatare ba. Afirka ta tsayar da Salim Ahmed Salim na Tanzaniya, Amurka ta hau masa kujerar naƙi. Sin ita ma ta hau wa Kurt Waldheim na Ostiriya, mai neman wa'adi na uku. Da yawa na ganin Amurka ta riƙe Salim a zuci ne tun 1971, saboda murnar da ya yi ranar da aka miƙa wa gwamnatin Beijin kujerar Sin a Majalisar. Da abin ya ci tura, dukansu biyu suka janye, aka ɗauko Javier Pérez de Cuéllar na Peru.

A rubuce, sashe na 97 na kundin Majalisar ya ce Babban Zaure ne ke naɗawa bisa shawarar Kwamitin Sulhu. Sai dai tun 1946 Zauren da kansa ya nemi a riƙa aiko masa da suna ɗaya tak, kuma bai taɓa mayar da sunan da aka aiko ba. Can cikin Kwamitin mai ƙasashe 15 ake yanke magana, inda ɗan takara ke buƙatar ƙuri'a 9, muddin Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya ko Faransa ba ta ce a'a ba. Akan fara da ƙuri'ar gwaji a asirce, daga baya a ba waɗannan biyar takarda mai launi daban, don kowa ya san wanda aka rufe wa ƙofa.

Boutros Boutros-Ghali na Masar, wanda ya yi nasara a takarar 1991 da Olusegun Obasanjo na Najeriya ya shiga, ya ɗanɗana kuɗarsa a 1996 da ya nemi wa'adi na biyu: ƙasashe 14 suka mara masa baya, Amurka kaɗai ta ƙi, kujerar ta koma hannun Kofi Annan na Gana. A ganina, rashin adalci ne ƙasa guda ta rinjayi 14 a kan muƙamin da ke wakiltar ƙasashe 193.

An ɗan buɗe labule a 2016. 'Yan takara 13, bakwai daga cikinsu mata, suka fito fili, dukansu suka amsa tambayoyi a gaban Zaure, sannan António Guterres na Fotugal ya yi nasara. Wa'adinsa na biyu zai cika ranar 31 ga Disamba, 2026. Mutum tara suka riƙe kujerar zuwa kansa, babu mace ko ɗaya.