Babi na Bakwai: Kujerar Tawa da Tafiyar Mahamadu Isufu

Kafin 2023, mai ƙuri'a a Babankatami, cikin gundumar Buza, ba ya zaɓen ɗan majalisar dokoki na garinsu shi kaɗai. A tsarin da Nijar ta ɗauka a 1993, jaha ce mazaɓa. Kowace jam'iyya takan jera sunayen 'yan takararta na jahar Tawa baki ɗaya, a haɗa ƙuri'un Buza da Madawa da Keita da Illela da Ƙonni, sannan a raba kujeru gwargwadon abin da kowa ya samu.  Saboda haka ƙuri'ar manomin albasa a kwarin Magiya tana iya ɗaga mutumin da bai taɓa taka gonarsa ba.

Babu wanda ya ci moriyar wannan tsari kamar Mahamadu Isufu, wanda magoya baya ke kira Zaki. An haife shi a Dandaji ta ƙasar Illela a 1952, ya karanci aikin ma'adinai a Faransa, ya yi aiki a kamfanin SOMAIR mai haƙar yuraniyom a Arlit. A ƙarshen 1990 shi da abokansa suka kafa PNDS-Tarayya. A zaɓen Fabrairun 1993 jam'iyyar ta samu kujeru 13 cikin 83, shi kuma ya shiga majalisa daga Tawa. Bai daɗe a kujerar ba shugaba Mahamane Usman ya naɗa shi firaminista, ya yi murabus a Satumban 1994 da suka saɓa kan iko.

Shekarar 1995 ce ta nuna ƙarfin kujerar majalisa. Tarayya ta samu kujeru 12 kacal, amma da ta haɗa kai da MNSD-Nasara sai rinjaye ya koma hannunsu: Hama Amadu ya zama firaminista, Isufu ya zama shugaban majalisar dokoki, shugaban ƙasa kuwa ya wayi gari yana mulki da abokan hamayya. Wannan zaman doya da manja shi ya ba Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara hujjar juyin mulki ranar 27 ga Janairun 1996. A nan 'yan siyasar duka suna da laifi, har da Isufu, domin gardamarsu ta tsayar da aikin gwamnati wata da watanni.

Sau huɗu Isufu ya nemi shugabancin ƙasa yana shan kaye: 1993, 1996, 1999 da 2004. Biyun ƙarshe Tanja Mamadu ne ya kayar da shi a zagaye na biyu, inda Isufu ya samu kusan kashi 40 cikin 100, daga baya kashi 34. Wani da tuni an manta da shi. Amma a 1999 da 2004 mutanen Tawa sun sake mayar da shi majalisa, daga nan ya riƙa magana a matsayin madugun 'yan adawa har Tanja ya rushe majalisar a Mayun 2009 don neman tazarce. Wannan riƙo na shekara goma, a ganina, shi ne ainihin jarinsa, ya fi duk muƙaman da ya riƙe a baya.

A Maris na 2011 ya kayar da Saini Umaru da kusan kashi 58 cikin 100, aka rantsar da shi shugaban ƙasa ranar 7 ga Afrilu.