Yis Ma Iri Ne, A Gwada Shi Kafin A Shuka

Manomin da ya san aikinsa ba ya zuba iri a ƙasa sai ya gwada shi. Yakan ɗebi ƙwaya 100 ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan 'yan kwanaki ya ƙidaya waɗanda suka tsiro. To, akwai wani irin kuma wanda ba a gona ake shuka shi ba, sai a cikin ƙullu, watau yis.

A ƙasar Bodinga da Shagari gidaje da yawa sun dogara ga masa da fanke da funkaso. Maigida ya nomo shinkafa a fadama, uwargida ta jiƙa, ta kai markaɗe, yara su kai kasuwa. In ƙullu ya kwana bai tashi ba, shinkafa ta tafi, itace ya tafi, mai ya tafi, ga ciniki ya wuce. Sau da yawa kuwa laifin ba na yis ba ne, na ruwa ne.

Abin da ya kamata a sani shi ne yis abu ne mai rai. Wani masani Bafaranshe, Luwi Fasta, shi ya nuna tun 1857 cewa ƙananan halittu ne ke sa abu ya yi tsami ko ya kumbura. Yis yakan ci sukari ya fitar da iska, iskar nan ita ke ɗaga ƙullu. Busasshen da ake sayarwa barci yake yi, kamar gero a rumbu. Ruwa ne ke tashe shi.

Ruwan da yake so mai ɗumi ne, digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin Santigireti, watau kusan ɗumin jikin mutum, wanda shi ne 37. In zafi ya kai wajen 60, ya mutu ke nan. Saboda haka ruwan wankan jego ba nasa ba ne, sai na wankan jariri. Ruwan sanyi kuma yakan raunana shi, abin cikinsa ya tsiyaye, kwaɓi ya saki.

Ga dabara ga wanda ba shi da ma'auni. A zuba kofi 1 na tafasasshen ruwa cikin kofi 4 na ruwan randa, a gauraya. Sa'an nan a ɗiga a cikin tsintsiyar hannu. In an ji ɗumi ba ƙuna, ya yi. A ɗebi rabin kofi, a sa ɗan sukari, a barbaɗa yis, a bar shi minti 10. In ya yi kumfa, iri ya tsiro, sai a zuba a ƙullu. In ya kwanta shiru, kada a yi masa kara, a nemo wani. Gishiri kuwa kada a sa shi a ruwan jiƙo.

Har wa yau a lura da lokaci. Da bazara zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, ruwan jarkar da ta wuni a rana ba abin yarda ba ne sai an taɓa. Da hunturu kuma ruwan asuba ya cika sanyi, sai an sirka, a rufe ƙullu a ajiye cikin ɗaki.

Akwai wani launin yis mai ƙananan ƙwayoyi, wanda kamfanin Lesaffre na Faransa ya fito da shi a 1973. Shi wannan ana iya zuba shi cikin gari kai tsaye. Amma in ledarsa ta daɗe a buɗe, gwaji ya fi.

Sauran magana ta 'yan tireda ce. Yis ɗin da aka ƙulla cokali cokali aka shanya a tebur cikin rana, ƙarfinsa raguwa yake yi kullum. A ɗaure bakin leda tam, a ajiye a inuwa inda ba laima. Wanda ya sayar wa mai masa mataccen iri, gobe wani tebur za ta nufa.

Allah ya ba da kasuwa.