Giya Tana Bugu: A Sauke Ta Ko A Nemi Dalili?

Daga Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, zuwa Tudun Wada, tsohuwar mota tana iya ɓoye ciwonta. Da an shiga dajin Falgore an doshi Doguwa da Riruwai, ƙasa ta fara tashi, ga lodin masara ko shinkafa a but, ga rana, sai asiri ya tonu. Honda ko Camry mai otomatik da ta haura shekara ashirin sai ta fara bugu. Ka sa ta a D ta yi gim, za ta bar giya ta ɗaya ta shiga ta biyu ta fizge ka har wuyanka ya amsa. A nan mai mota yake samun kansa tsakanin shawara biyu. Bakanike na farko zai ce, "Alhaji, giyar nan ta tafi, sai dai a sauke a sa ta Beljiyam." Na biyu, wanda samunsa ya fi wuya, zai ce a ba shi lokaci ya gano abin da ke sa ta bugun.

Shawarar farko tana da hujjarta, kuma ba na raina ta. Yawancin kanikawan Kiru da Bebeji da Tudun Wada a kan Golf da Sharon da Peugeot suka koyi aiki, motocin giyar hannu waɗanda kuloci da faranti ne iyakar rigimarsu. Giyar otomatik kuwa cikinta siraran hanyoyin mai ne, ƙwayar yashi ɗaya tana iya toshe su, kuma garejin da ke gindin bishiya a lokacin hunturu ba wurin buɗe ta ba ne. Bakaniken da ya ce ba zai buɗe ba ya faɗi gaskiyar kayan aikinsa. A tura yaro Ƙofar Ruwa a Kano, a ɗauko wata, kwana ɗaya ko biyu mota ta hau titi. Ga mutumin da motar nan ce ke kai iyalinsa asibiti, saurin nan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma lokacin da saukewar ce daidai: in man ya yi baƙi yana warin ƙuna, in an kwance ƙusar tsiyayar mai an ga ɓarɓashin ƙarfe ya cika maganaɗisun da ke jikinta, in mota ta yi zafi inji yana ta kuka ita kuwa ba ta ja. Wannan faiba ce, wato farantan kuloci na cikin giya, ta cinye, babu man da zai dawo da ita.

Sai dai giyar Beljiyam cinikin biri a sama ne. An ciro ta daga motar da shekarunta ɗaya da taka, ba ka san tafiyar da ta yi ba, ba ka san man da ta sha ba, kuma garantin da mai shago zai ba ka na 'yan kwanaki ne. Wasu ma da laifinsu suka fito daga masana'anta. A 2004 kamfanin Honda ya janye motoci masu yawa a Amurka, har da Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004, saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi fiye da ƙima. Irin waɗannan motoci ne ake yankawa a aiko mana da sassansu.

Babban abin da ya sa na fi karkata ga shawara ta biyu shi ne, bugu daban, sulɓi daban. Giyar da cikinta ya cinye yawanci sulɓewa take yi, ta yi jinkirin kamawa, inji ya tashi a banza. Mai bugu kuwa sau da yawa ƙarfin matsin mai ne ya yi mata yawa, ko kuma canjin ya zo ba a kan lokacinsa ba. A motoci da yawa ma da gangan kwamfutar motar take yin haka: in ta daina jin saƙon sansar gudu ko na totur, sai ta ƙara matsin mai don kada faiba ta ƙone, wani lokaci ta kulle motar a giya guda, galibi ta uku, don a lallaɓa a isa gareji. In sansar totur ce ta lalace, ko waya ta tsinke, ka sauke giya ka ɗora wata, bugun yana nan yana jiranka, kuɗinka kuma sun tafi.

Mai neman dalili daga mai yake farawa, kuma ko awon man yana da ƙa'ida. Camry ana auna ta a wuri mai lebur, inji ya ɗumama yana aiki, giya a P. Honda kuwa sai an kashe inji, a zaro sandar awo cikin kamar minti ɗaya. Wanda ya auna Honda irin awon Toyota ba zai sami gaskiya ba. Sai ya ɗiga man a farar takarda. Ja mai haske lafiya ne, ruwan ƙasa ya tsufa, in kuma ya yi fari-fari yana kumfa, ruwa ya shiga. Wannan yakan faru ne idan bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto ya fashe, ruwan inji ya haɗu da mai.

Sai irin man. A nan ne nake ganin motocinmu suka fi cutuwa, don a bakin titi duk jan mai sunansa man giya. Accord ta 1998 zuwa 2007 man Honda take sha, wato ATF-Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa daga baya. Camry ta 1997 zuwa 2001 Dexron take sha, ta 2002 zuwa 2006 kuma T-IV. Santsin kowannensu daban ne, kuma a kan wannan santsin aka auna yadda faiba za ta kama. Zuba wa Honda Dexron kaɗai ya isa ya sa ta bugu, musamman da sanyin safiya. Na sha jin ana cewa kada a taɓa man giyar tsohuwar mota, wai canzawa ke kashe ta. Abin da ke faruwa shi ne, mutane ba sa tuna man sai giya ta riga ta fara mutuwa, sai a ɗora laifin a kan sabon mai. Hanya mai aminci ita ce a tsiyaye a zuba sabo ba tare da injin turawa ba. A Accord kusan lita 3 ke fita a tsiyaya ɗaya, wajen rabin abin da ke ciki ke nan, don haka akan maimaita har sau uku, ana ɗan tuƙa motar a tsakani.

Akwai abubuwa biyu da ba sa buƙatar na'ura, ido da haƙuri kawai suke so. Na farko robar da inji da giya ke zaune a kai, wadda kanikawa ke kira injin sit. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, mutum ɗaya ya danne birki ya riƙa kai giya D da R, ɗaya ya tsaya a gefe yana kallo. In inji yana ɗagawa yana faɗuwa, robar ce ta tsage, kuma ramukan hanyoyin ƙauyukanmu ba sa barin ta ta daɗe. Na biyu, Camry mai silinda huɗu ta ƙarshen shekarun 1990 da Accord ta kafin 1998 suna da wayar ƙarfe daga totur zuwa giya, ita ke gaya wa giya yadda aka taka mota. In an ɗaure ta da yawa, giya za ta riƙa bugu, gyaranta kuwa sufana biyu ne.

Bayan haka sai na'ura. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Kafin a jona ma motar takan yi magana: fitilar D4 ko D ta riƙa ƙyaftawa a Honda, ta O/D OFF a tsofaffin Toyota. Lambar P0715 tana nuni da sansar gudun shiga, P0720 ta gudun fita, P0750 kuma solonoyid na canjin giya, ɗan bawul mai aiki da lantarki. A tsofaffin Honda da yawan solonoyid ɗin a jikin giya suke daga waje, ana kwance su a wanke ragarsu ba tare da an sauke komai ba.

Wannan hanya ma tana da rauninta. Lamba layin take nunawa, ba lallai kayan ne ya mutu ba. Motar da ke kwana kusa da rumbun hatsi ɓera yana iya cinye mata waya, batir mai rauni ko wayar at da ta yi tsatsa suna iya rikita kwamfutar gaba ɗaya. Akwai kuma masu na'urar da goge lamba kawai suka iya, fitila ta mutu, a karɓi kuɗi, kafin ka kai Kafin Maiyaƙi ta sake kamawa. Wanda ya iya karanta na'ura kuma ya iya bin waya da mita, sau da yawa sai an je Kano ko Zariya, tafiyar da ke cin yini da man fetur. Duk da haka, kuɗin wannan yini da na galan ɗin mai na gaske ba su kama ƙafar kuɗin giyabos ba, kuma in binciken ya nuna cikin giya ne ya lalace, hanyar Ƙofar Ruwa tana nan a buɗe.

Wanda ya kai ga saukewa, ya dage a duba lambar da ke jikin tsohuwar giya a sayo mai irinta, don Accord mai silinda huɗu da mai shida giyarsu ba ɗaya ba ce. A wanke bututun sanyaya mai da ke lagireto sosai, ko a canza lagireton, domin dattin tsohuwar giya yana maƙale a ciki, tashin farko zai koma cikin sabuwar. A zuba man da aka rubuta wa motar tun ranar farko, sannan a gwada ta a kan hawa da zafinta kafin kwanakin garanti su ƙare.