Aiki daga nesa: hanyoyi huɗu na isa ga manhaja da fayil ta intanet

0. Gabatarwa

Tun lokacin da aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a shekarar 2010, malamai da ɗalibai masu bincike sun warwatsu cikin ƙasa, alhali kuwa galibin kayan aikinsu na ajiye wuri guda, cikin na'urar da Faransanci ke kira serveur, mu kuma muke kira uwar garke. Ɗan kasuwar Maraɗi mai manhajar lissafi irin Sage a biro ɗinsa, da reshe a Yamai, matsalarsa ɗaya da tamu. Yawo da kile USB ba ya warware ta: mun sha ganin kwafi uku na rubutun hira guda, kowane da gyaransa, ba mai sanin wanne ne na ƙarshe. A cikin wannan maƙala za mu bayyana hanyoyi huɗu, mu auna su da halin da muke ciki, tare da ba da kalmomin Hausa da muke ganin sun dace.

1. Burtali

Hanya ta farko ita ce VPN. Mun zaɓa mata sunan burtali, domin kamar yadda burtali ke ratsa gonaki da shinge dama da hagu, haka take buɗe kariyayyar hanya cikin intanet tsakanin kwamfutar mutum da rezo na ma'aikatarsa. Duk abin da ya bi ta ciki a rufe yake da rubutun sirri. Daga cikin manhajojin da ke yin wannan aiki akwai OpenVPN, wadda ta fito a 2001, da WireGuard, wadda ta shiga zuciyar Linux a 2020. Tsohuwar hanyar PPTP ta shekarun 1990 an daɗe da gano rauninta, bai kamata a dogara da ita ba. Abin lura shi ne, fayil ɗin gaba ɗaya ke ƙetare layi. Rikodin murya na awa guda, a tsarin WAV na 44,1 kHz da bit 16 bisa tasha ɗaya, ya kai kimanin megabayit 318. A layi mai gudun megabit ɗaya cikin daƙiƙa, sai ya ci fiye da minti 40.

2. Allon nesa

A hanya ta biyu, manhaja da fayil ba su motsawa. Hoton allo kaɗai ke zuwa ga mai aiki, shi kuma abin da ya danna ne ke komawa. Kamfanin Microsoft ya fito da tsarin RDP a 1998, tsarin VNC ma a ƙarshen shekarun 1990 aka ƙirƙiro shi a Kambirij ta Ingila; daga baya TeamViewer da AnyDesk suka sauƙaƙa abin ga wanda ba gwani ba. Amfaninta babba ne ga manhajar da lasisinta ke ɗaure da na'ura guda, kuma ba ta cin layi da yawa. Sai dai tana da aibi biyu. Na farko ya shafi masu nazarin sauti: in ana daidaita murya da rubutu cikin ELAN ko Praat, jinkiri kaɗan tsakanin kunne da ido ya isa ya ɓata awo. Na biyu tsaro ne: barin ƙofar RDP, mai lamba 3389, a buɗe ga duniya yana cikin manyan hanyoyin da masu kulle fayil don neman fansa ke shigowa, kuma raunin da aka kira BlueKeep a 2019 ya nuna girman haɗarin. Saboda haka allon nesa sai ta cikin burtali.

3. Gajimare

Hanya ta uku ita ce a bar manhajar kanta a hannun wani kamfani, a riƙa shiga ta shafin intanet ana biyan kuɗin wata ko na shekara. Salesforce, da aka kafa a 1999, na cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan salo. Babu wahalar kula da uwar garke, amma bayanai na kwana a wata ƙasa, kuma ranar da aka kasa biya ƙofa na rufewa. Ga mu masu riƙe da muryoyi da sunayen mutanen da suka amince suka yi hira da mu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, don haka fitar da irin waɗannan bayanai waje na bukatar a duba doka tukuna.

4. Daidaita kwafi

A hanya ta huɗu kowa na da kwafi cikin kwamfutarsa, yana aiki ko babu layi. Da rezo ya dawo sai gyare-gyare su haɗu. Haka Dropbox da Google Drive ke yi, haka ma Nextcloud, wadda ta fito a 2016, kuma sashe na iya girka ta a tasa uwar garke. Matsalarta ita ce in mutum biyu sun taɓa fayil guda lokaci ɗaya, sai a samu kwafi masu karo da juna. Kuma a sani, daidaita kwafi daban yake da ajiyar kariya: abin da aka goge a wuri ɗaya, gogewar na bin sauran.

5. Kammalawa

Hanyoyi uku na farko duk suna bukatar layi da lantarki a daidai lokacin aiki, biyun farko ma a ɓangarorin biyu. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, da kuma watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma. Bisa wannan, shawararmu ga sashe ita ce: a ɗauki daidaita kwafi a kan tamu uwar garke don rubuce-rubuce da ƙamus, a keɓe allon nesa ta cikin burtali ga manhajojin lissafi da na mulki, a haɗa kalmar sirri da lambar da ke zuwa ta salula, a kuma ajiye kwafi uku na kowane rikodi, ɗaya a wani gari dabam. Game da kalmomin burtali, allon nesa da daidaita kwafi, muna jiran ra'ayin abokan aiki, musamman masu jin karin harshen Adar da na Damagaram.