Dokar Share Ciyawa A Ƙasar Fotugal

Ran 17 ga watan Yuni, 2017, wuta ta tashi a dajin wata gunduma da a ke kira Pedrogao Grande, a tsakiyar ƙasar Fotugal ta Turai. Kafin a ci ƙarfinta ta halaka mutum 66. Daga cikinsu 47 a kan hanyar mota guda suka rasu, suna gudun ceton rai, itatuwa na ci dama da hauni. A watan Oktoba wata gobarar ta sake tashi, har waɗanda suka mutu a shekaran nan suka haura 100.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, tun 2006 akwai doka. Ta ce duk mai fili a karkara ya share ciyawa da sarƙaƙiya har mita 50 kewaye da kowane gida, watau wajen yadi 55 ke nan, kewaye da ƙauye kuwa mita 100. Dokar tana nan a rubuce, amma ba a matsa wa kowa ba, ciyawa kuwa ba ta karanta takarda.

Da shekara ta kewayo, a 2018, sai gwamnati ta ɗaure fuska. Aka sa wa masu filaye wa'adi zuwa 15 ga watan Maris. Aka ninka tara, ta kama daga Yuro 280 har zuwa 10,000 ga mutum guda. Aka ƙayyade cewa kada ciyawa ta wuce santimita 20, kada reshen itace ya kusanci gini da ƙasa da mita 5. 'Yan sandan karkara suka bi ƙauyuka suna dubawa.

Nauyi mafi girma kuwa a kan majalisun gundumomi aka ɗora shi, watau kamar ƙananan hukumomi a wurinmu. Wanda ya ƙi sharewa, majalisa za ta shiga filinsa ta share kafin ƙarshen watan Mayu, sa'an nan ta bi shi kuɗin aiki. Majalisar da ta yi sakaci kuma a riƙe mata kashi 20 cikin ɗari na kason wata guda da ta ke samu daga baitulmalin gwamnati. Shugabannin majalisu suka yi kuka, suka ce ba ma'aikata, ba lokaci. Gwamnati ta ware Yuro miliyan 50 domin ba su rance.

To, a nan ne gizo ke saƙar. In za ka bi mutum bashi, ai sai ka san ko wane ne. Kusan dukan dajin Fotugal na mutane ne, abin da ke hannun gwamnati bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. A arewa da tsakiyar ƙasar an yi ta raba gado har filaye suka zama 'yan mitsi-mitsi, yawancinsu kuwa ba a taɓa auna iyakarsu an sa a littafi ba. Tun wajen 1960 samari suka yi ta ƙaura zuwa Faransa da manyan birane. Awakin da ke cinye ciyawa suka ragu, gonaki suka koma kurmi, itacen turare da a ke shukawa domin yin takarda ya yawaita, shi kuwa ba ya wasa da wuta. Sai ka tarar da tsohuwa ita kaɗai a gida, ta share nata, amma filin da ke bayan katangarta na magada ne da suka watsu a duniya. Wa za a aika wa takardar gargaɗi?

A ganinmu tara ba ta warware wannan. Ta fi faɗawa kan wanda ya zauna a ƙauye, aka san sunansa da ƙofar gidansa, galibi kuwa shi ne tsoho mai ƙaramin ƙarfi. Har an sami waɗanda tsoron tara ya sa suka sare itatuwan marmarinsu, alhali doka ba ta nemi haka ba.

Saboda haka aikin ya komo kan tebur ɗin malaman ofis. Tun a 2017 aka buɗe wani tsarin rajistar filaye mai suna BUPi, aka fara gwada shi a gundumomi 10, har da Pedrogao Grande. Mai fili ya kan zo ofis ya nuna iyakarsa a kan hoton da aka ɗauka daga sama, malami ya zana, a rubuta sunansa. A 2019 aka yi dokar da ta kai tsarin ga sauran gundumomin da ba su da littafin filaye.