Ina Gurbin RAM Yake A Kwamfutar Tafi-da-gidanka?

Sau da yawa za ka ji mai kwamfutar tafi-da-gidanka yana ƙorafi, wai abarsa ta cika nawa, da ya buɗe shafi huɗu ko biyar sai ta tsaya cik. Shawarar da akan ba shi ɗaya ce, a ce ya je ya ƙara RAM. Shawara ce mai kyau, amma kafin ya fid da ko kwabo akwai abin da ya kamata ya sani, wato ko kwamfutar tasa tana da gurbin da za a sa ƙarin, in kuwa tana da shi, a ina maƙera suka ɓoye shi. Wanda ya saya bai bincika ba yana iya komawa gida da kayan da ba su da mazauni, ga shi ba kowane ɗan kasuwa ne yake yarda a mayar masa da abin da ya sayar ba.

Shi RAM kamar allon aji yake. Malam yana rubuta aikin da ake ciki a kansa, in an tashi a goge. Abin da ake so ya daɗe kuwa a littafi ake rubuta shi, littafin kwamfuta shi ne faifan ajiya. Idan allo ya yi ƙanƙanta, dole a yi ta gogewa ana sake rubutu, lokaci yana tafiya. Nawar da muke gani ke nan. A kwamfutar tafi-da-gidanka RAM yakan zo a kan wani ɗan siririn faranti da ake kira SO-DIMM, tsawonsa bai cika santimita 7 ba, gefensa ɗaya yana da haƙora masu launin zinariya.

Binciken farko ba ya bukatar sukudireba. A Windows 10 ko 11 sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance, ka zaɓi Memory. Can ƙasa za ka ga an rubuta Slots used. Idan ya ce 1 of 2, gurabe biyu ne, ɗaya yana da kaya ɗaya fanko. Idan ya ce 2 of 2, duka a cike suke, sai an cire na ciki kafin a sa wanda ya fi shi girma, kuɗin da za a kashe kuwa ya ƙaru. Ka dubi layin Form factor kuma. SODIMM alama ce ta farantin da ake cirewa, Row of chips kuwa galibi yana nufin an liƙe RAM ɗin da dalma.

To, amma kada a ɗauki wannan lissafi tamkar yankan wuƙa. Windows ba ta leƙa cikin kwamfuta ta ƙirga da ido ba, abin da maƙera suka rubuta a BIOS shi take karantowa, su kuwa wani lokaci sukan rubuta gurabe huɗu alhali biyu suka dasa. Saboda haka sai ka kifa kwamfutar, ka kwafi cikakkiyar lambar samfurinta, ka nemi littafin gyaranta a intanet. Lenovo da HP da Dell duk suna sakin irin wannan littafi kyauta, da zane-zanen da suke nuna kowace kusa da inda take. A ganina rabin sa'a da mutum zai yi yana duba shi ya fi masa tambayar mutum goma.

Yanzu sai wurin da gurbin yake. Tsofaffin kwamfutoci sun fi sauƙin sha'ani, domin a ƙarƙashinsu akwai 'yar ƙofa mai kusa ɗaya ko biyu, da an kwance ta ga RAM nan a fili. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ɗauki ThinkPad T420 ta kamfanin Lenovo, wadda ta fito a 2011, irin wadda aka yi ta shigo da ita kasuwanninmu cikin kayan hannu. Gurabenta biyu ne, amma in ka buɗe ƙofar ƙasa guda kaɗai za ka gani. Ɗayan yana ɗaya fuskar babban allon kwamfutar, ƙarƙashin madannai, sai an kwance kusoshin da suke riƙe da madannan an ɗaga su a hankali, don akwai wata siririyar waya mai faɗi a bayansu da ba ta son fizga. Haka Dell Latitude D630 take. Wanda bai san wannan ba sai ya rantse Task Manager ƙarya ya yi masa. A waɗansu kuma guraben biyu a ɗore suke, ɗaya bisa ɗaya, na sama ya rufe na ƙasa.

Na baya-bayan nan yawanci ba su da ƙofa, sai an cire murfin ƙasa gaba ɗaya. Wasu kusoshin a ɓoye suke ƙarƙashin robar da kwamfuta take zama a kai, idan murfi ya ƙi tashi a nan za ka fara dubawa, ba ƙarfi za ka sa ba. Bayan an buɗe ma ba lalle ka ga RAM nan take ba, don akan lulluɓe shi da baƙar leda ko murfin gwangwani. Ka neme shi kusa da fanka da bututun jan ƙarfen nan mai kwashe zafi, saboda ba a nisanta shi da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Akwai abubuwa biyu da suke kama da shi. Mai siririn jiki, faɗinsa milimita 22, da kusa ɗaya a ƙarshensa, faifan ajiya ne na SSD. Ƙaramin da wayoyi biyu sirara suke maƙale a kansa na Wi-Fi ne. RAM shi ne wanda 'yan ƙarafa biyu suka riƙe ta gefe da gefe, in ka buɗa su waje sai ya ɗago kai da kansa.

Akwai kuma waɗanda ba su da gurbi ko ɗaya. MacBook Air tun fitowarta a 2008 a liƙe RAM ɗinta yake, MacBook Pro mai Retina ta bi sahu a 2012, sirara da yawa na sauran kamfanoni su ma haka. Abin da ka saya da shi za ka zauna. Wasu kuwa rabi da rabi ne, kamar ThinkPad T490 ta 2019, wadda take da giga 8 ko 16 a liƙe, da gurbi guda na ƙari.

Samun gurbi bai gama magana ba, sai an san irin farantin da yake karɓa. DDR3 haƙoransa 204, DDR4 260, DDR5 262, kowanne kuma da inda aka yi masa tsaga, don kada wani ya shiga gurbin wani. Tarkon yana tsakanin DDR3 mai cin bolt 1.5 da DDR3L mai cin 1.35, domin tsagarsu ɗaya ce, farantin zai shiga daram amma kwamfutar da take son DDR3L tana iya ƙin tashi. Takardar da take liƙe a tsohon farantin za ta raba gardama: PC3, ko PC3L, ko PC4.

Kafin ka taɓa komai a ciki, kashe kwamfutar sosai, cire caja, cire batir, in na ciki ne zare wayarsa daga allo. Sa'an nan ka taɓa wani ƙarfe marar fenti. Wannan ba camfi ba ne. Ɗan tartsatsin nan da kan harbi mutum in ya kama hannun ƙofa da hunturu, lokacin da iska ta bushe, ya isa ya lalata RAM. Riƙe farantin ta gefe, daidaita tsagarsa da ta gurbin, tura shi a karkace har haƙoran su kusa ɓuya, ka danna ƙasa sai ka ji ƙas. Idan ka kunna fuskar kwamfutar ta zauna baƙa, ba ta minti ɗaya ko biyu, musamman mai DDR5, don takan tsaya gwada sabon farantin. In ta wuce haka shiru, kashe ta ka sake zaunar da shi, galibi bai shiga har ƙarshe ba ne.